DAGA TSAKAR GIDA: Kaskon Wuta Ba Abokin Kwana Ba Ne

Yaya muka ji da sanyi? Na san dai yanzu kowacce ta zaƙulo rigar sanyinta daga ƙasan akwati, kwalbar basilin ta dawo kusa da filo, leɓe ya fara tsagewa, ƙafa ta fara kaushi, wankan safe kuwa sai an yi doguwar shawara da zuciya. To Allah Ya sa mu ga wucewarsa lafiya, amin.

A fitowar da ta gabata na yi muku alƙawarin za mu taɓa maganar lefe da yadda ya zame wa samari ƙarfen ƙafa. Ku yi mini afuwa, mun ɗage shi zuwa gaba. Dalili kuwa, wata ƙanwata 'yar aji biyar a sakandare ta aiko mini da wasiƙa daga Kabo, kuma tunda na karanta ta na kasa samun sukuni. Cewa ta yi duk shekara in hunturu ya kama, ƙaninta ɗan shekara biyu sai ya yi ta tari har ƙirjinsa yana kuka, ita kuma kullum da ciwon kai take tashi ta tafi makaranta. Ta ce a ɗakin kakarsu suke kwana, kuma tsohuwar ba ta iya barci sai da kaskon garwashi a gefen gado. Ta tambaye ni, wai Anti, ko akwai abin da ya haɗa wannan da wancan?

Ƙanwata, akwai. Kafin in ba ki amsa, bari in ba ki labarin abin da ya faru da ni kaina, abin da ban taɓa sawa a cikin littafi ba, don in na tuna shi har yanzu sai tsigar jikina ta tashi.

DAREN LALLE A GETSO

Hunturun bara waccan ne, ana tsakiyar watan Disamba, aka sa bikin 'yar goggona a garinmu Getso. Wanda ya san Getso da Gwarzo da Kabo ya san sanyin can ba irin na cikin birnin Kano ba ne, inda gidaje suka matsu da juna. Can an gama girbi, an sare kara, gonaki sun zama fili fetal, babu abin da zai tare wa mutum iska. In dare ya raba sai ki ji kamar ana zuba miki ruwan randa a ƙashi.

Daren da aka sa amarya a lalle mu bakwai muka kwana a ɗaki ɗaya: amarya, mu ƙawaye biyar, da wata ƙanwarmu 'yar shekara shida da ta maƙale ta ce ita sai wajen amarya. Aka kawo mana kasko cike da gawayi ya ruru jawur, don mu ji ɗumi, mu kuma gasa hannu lalle ya kama. Wata ta ce iska na shigowa ta taga, aka samo tsumma aka cusa. Wata ta ce ta ƙasan ƙofa ma tana shigowa, aka naɗe tsohon zane aka toshe. Ni da kaina, don kada in ɗora wa kowa, na ƙara gawayi, na barbaɗa turaren wuta, na ce ai ɗakin amarya dole ya yi ƙamshi.

Muka yi ta hira muna tsokanar amarya da sunan ango. Can wajen sha ɗaya sai wannan ta ce kanta na sarawa, waccan ta ce ita ma. Muka ce gajiyar biki ce da hayaniyar masu kiɗan ƙwarya. Ɗaya bayan ɗaya muka ɓingire, barci mai nauyi, mai daɗi, irin wanda ba ka so a tashe ka.

Abin da Allah Ya yi amfani da shi Ya cece mu, wainar biki ce. Wajen ƙarfe uku na dare Goggo ta tashi za ta hura wutar tanda, sai ta tuna akwai garwashi a ɗakinmu. Ta buga ƙofa shiru. Ta sake bugawa shiru. Allah Ya sa ba mu sa sakata ba, ta turo. Ni dai na ji ana kiran sunana kamar daga cikin rijiya. Na so in amsa, bakina ya ƙi. Na so in tashi, ƙafafuna kamar ba nawa ba. Ƙaramar cikinmu ta yi amai a inda take kwance. Amarya kuwa ko motsi.

Goggo ta ƙwalla salati, gida ya ruɗe. Aka yi ta jan mu ana fitarwa tsakar gida cikin wannan uban sanyi, wanda ashe shi ne maganinmu na farko. Muna shaƙar iskar waje muka fara dawowa hayyacinmu, ban da amarya.

Nan fa aka shiga faɗi-in-faɗi. Wata tsohuwa ta ce, "Iska ce! Dama amarya ba a barin ta haka, ku kawo garwashi a yi mata hayaƙi." Wata kuma ta rage murya ta ce, "Ku dai bincika, ai gidan da za a kai ta akwai uwargida." Kafin a ce kwabo magana ta zagaye gida, an riga an yanke wa baiwar Allah hukunci tana can gidanta tana barci.

Kawunmu ne, direba, ya daka tsawa ya ce babu hayaƙin da za a yi, a sa su a mota. Aka kwashe mu sai asibiti a Gwarzo. Ma'aikaciyar jinyar da ta karɓe mu ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ba ta tambayi abin da muka ci ba, sai ta juya wajen Goggo ta ce, "Mama, da wuta suka kwana a ɗaki?"

Goggo ta ce, "'Yar nan, ɗan gawayi ne fa, ya riga ya ruru, ko hayaƙi ba ya yi. Mu dai cewa muka yi ko iska ce."

Ta ce, "Mama, iska ce kam, amma ba ta aljanu ba, ta gawayi ce. Da kin ƙara awa ɗaya ba ki buɗe ƙofar nan ba, da ba biki za ku yi ba."

Aka sa wa amarya abin shaƙar iskar oksijin. Sai da hantsi ya dubi ludayi sannan ta buɗe ido ta ce ina lallenta. Aka ɗaga biki da kwana biyu. Yau ga ta nan da ɗanta, kuma uwargidan nan da aka so a shafa wa baƙin fenti ita ce ta zauna da ita a asibiti ranar haihuwa. Wallahi duk ranar da na gan ta sai na ji kunya ta kama ni, ko da yake ba bakina ne ya faɗa ba.

MECE CE WANNAN ISKA?

Bayan na warke na ƙi yarda in bar maganar haka, na yi ta tambaya da karance-karance. Ga abin da na fahimta, a saurara da kyau.

Wuta ma numfashi take yi kamar ni da ke. Tana buƙatar iskar oksijin kafin ta ci. In tana samun iska isasshiya, sai ta ƙone abin da aka ba ta sosai. In kuwa aka kulle ta a ɗaki, iskar ta yi mata kaɗan, sai ta shiga fitar da wata guba da masana ke kira kabon monoksaid. Wannan guba ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, ba ta sa ido hawaye, ba ta sa tari. Shi ya sa maganar nan da muke yi, wai "bari ya gama hayaƙi a waje sannan a shigo da shi," ba ta tsirar da kowa. Garwashin da ya yi jawur ba hayaƙi, shi ma yana fitar da ita, kuma ya fi yaudara, tunda babu abin da zai sa ki buɗe taga.

In ta shiga huhu sai ta wuce cikin jini. A cikin jininmu akwai wani sinadari da aikinsa shi ne ɗaukar oksijin ya kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya da sauran jiki. To wannan guba ta fi oksijin iya maƙale masa fiye da sau 200. Kamar motar haya ce da 'yan daba suka cike kujerunta, fasinjan kirki ya rasa wurin zama. Mutum yana numfashi, ƙirji na hawa yana sauka, amma ƙwaƙwalwa tana can tana shaƙewa.

Alamominta na farko su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala da jin barci. Kin ga kuwa duk abubuwa ne da muke ɗora wa gajiya ko zazzaɓi. Babbar alamar da za ki riƙe ita ce wannan: in mutane biyu ko uku a ɗaki ɗaya suka kama ciwon kai lokaci guda, kuma in an fita waje ya lafa, to kada ki nemi maye, ki nemi kasko. Wanda ke barci kuwa ba ya ma jin alamar, daga barci sai suma, daga suma sai abin da ba a fata. Jarirai da tsofaffi da masu ciwon zuciya da masu juna biyu su ta fi saurin kayarwa, kuma ɗan da ke cikin ciki ya fi uwarsa shan wahalarta.

Turawan Ingila masu haƙar kwal sun daɗe da sanin sharrinta. Da ɗan tsuntsu kanari suke shiga rami a cikin keji, in suka ga ya faɗo daga kan sandarsa sai kowa ya ranta a na kare. Ba su daina wannan ba sai a 1986, da na'ura ta karɓi aikin. Mu a ɗakunanmu ba kanari, ba na'ura. Kanarinmu shi ne jaririn da ke kwance a bayan uwarsa. Allah Ya kiyaye.

Kuma ba gawayi kaɗai ba. Janareto da ake sawa a soro ko a baranda kusa da taga saboda tsoron ɓarayi, shi ma irin wannan gubar yake fitarwa, har ma ya fi.

MAI KASHEWA A HANKALI

Wancan mai kisan dare ɗaya ke nan. Akwai ɗan uwansa mai bi a sannu, shi ne hayaƙin itace da kara da muke gani da ido, wanda na tabbata shi ke damun ƙanin mai wasiƙarmu.

Ki shiga ɗakin girkin gidanku ki ɗaga kai ki dubi rufi. Kin ga baƙar kunkunniyar nan da ta yi kauri har tana zuba? To ba rana ɗaya ta taru ba, kuma hancin da ke tsugune a gaban murhun nan shekara da shekaru abin da yake ja ke nan. A cikin hayaƙi akwai ƙananan ɓurɓushi waɗanda sai an jera kamar talatin kafin su kai kaurin silin gashi ɗaya. Gashin hanci ba ya tare su, majina ba ta kama su, sai su zarce can ƙasan huhu, wasu ma har cikin jini.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 gurɓatacciyar iskar cikin gida, wato hayaƙin itace da gawayi da kara da kashin shanu da kananzir, ta yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a duniya, a cikinsu har da yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da 237,000. Ta kuma ce kusan rabin yaran da ciwon nimoniya ke kashewa a wannan shekaru, hayaƙin cikin gida na da hannu a ciki. Ga manya kuwa yana jawo tari mai naci, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki, da yanar ido. Tsohuwar da muke cewa "tarin tsufa" take yi, ba ta taɓa riƙe karan sigari ba, amma ta yi shekara hamsin tana busa murhu da bakinta.

Wa ya fi shaƙa? Ni da ke. Namiji ya ci ya fita. Mace ce a gindin murhu, da goyo a bayanta, kan yaron daidai inda hayaƙi ke tashi.

GA HAZO, GA HAYAƘI

Za ki ce ai duk shekara muna girki da itace, me ya sa sai da hunturu abin ke tsananta? Dalili uku ne.

Na farko hazo. Ƙurar nan da ke rufe mana rana, har jirage su kasa sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano, ba daga bayan gari take tasowa ba. Mafi yawanta daga wani kwari take da ake kira Bodele a arewacin ƙasar Chadi, inda a zamanin da can ruwan babban tafki ne ya kwanta, ya ƙafe ya bar gari mai laushi kamar hoda. Iskar arewa maso gabas ke kwaso shi ta yi ta watsa mana tun daga wajen Nuwamba har zuwa Maris. Kafin ki kunna ashana ma, hanci da maƙogwaro sun riga sun bushe sun gaji.

Na biyu, da sanyi hayaƙi ba ya tashi sama. Ki lura da magariba in kina shigowa Getso ko Gwarzo daga hanya, za ki hango wani farin abu ya kwanta a kan gari kamar an shimfiɗa mayafi. Iska mai sanyi nauyi gare ta, sai ta kwanta a ƙasa, mai ɗumi ta hau kanta ta danne kamar murfin tukunya. Duk hayaƙin tuwon dare, da na masu shayi, da na samarin da suka kewaye wuta a bakin titi, da na bolar da aka cinna, yana nan tare da mu har rana ta fito.

Kada ki ɗauka wannan ƙaramin abu ne. A birnin Landan, daga 5 zuwa 9 ga Disamba 1952, sanyi ya sa kowane gida ya yi ta ƙona kwal don jin ɗumi, iska kuma ta tsaya cik, hayaƙi ya kwanta a kan gari kwana biyar. Lissafin farko ya nuna mutum wajen 4,000 ne suka mutu, binciken baya kuma ya kai adadin kusan 12,000. Wannan ne ya sa suka kafa dokar tsabtace iska a 1956. Har kwanan nan ba su saki maganar ba, don tun daga Mayun 2021 Ingila ta fara hana sayar wa gidaje ɗanyen itace a ƙananan ɗauri, saboda yawan hayaƙinsa.

Na uku kuwa mu ne da kanmu. Da zafi ƙofa a buɗe, taga a buɗe, girki a tsakar gida. Da sanyi sai mu toshe ko'ina, mu jawo murhu cikin ɗaki, mu tara yara a kewaye da shi.

TO, MU MUTU DA SANYI?

Na san abin da wata za ta ce: "Ke marubuciya kina birni kina da bargo, mu fa?" Gaskiyarki 'yar uwa. Ba zan ce kowa ta sayi gas ba, don na san tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kaya suka yi tashin gwauron zabo, gidaje da yawa da suka saba da gas ko risho sun koma gawayi da itace. Wuta kuma ba abar gudu ba ce, da ita muka tashi, a gefenta aka yi mana tatsuniya. Abin da nake roƙo bai kai kuɗin kati ba. Ga shi:

1. Kada a kwana da wuta a ɗaki, ko ta gawayi ko ta itace, ko da ta daina hayaƙi. A ji ɗumi a tsakar gida ko a rumfa. In dole sai an shigo da kasko, taga ta kasance a buɗe, a ɗan jima kaɗan a fitar da shi, a bar iska ta ratsa ɗakin kafin kowa ya kwanta.

2. Jiki za ki ɗumama, ba ɗaki ba. Riga biyu ko uku marasa kauri sun fi guda ɗaya mai kauri riƙe zafi. A sa wa yara hula da safa. A shimfiɗa kwali ko buhu a ƙarƙashin tabarma, don sanyin siminti ya fi na iska cin jiki. Ga wata dabara: ki zuba ruwan ɗumi a jarka mai murfin kirki, ki naɗe da zane, ki sa a shimfiɗa kafin a kwanta. Amma ban da jikin jariri.

3. Itace ya bushe. Ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa ruwa ne, wutar sai ta ɓata ƙarfinta wajen ƙafar da ruwan, ki samu hayaƙi maimakon zafi. A faskara shi ƙanana, a jingine a rana. Kin huta da hawaye, kin kuma rage kashe kuɗi.

4. Don Allah a daina hura wuta da leda da tsohon silifa da roba. Na san suna kamawa da wuri, amma hayaƙinsu guba ne tsantsa. Kara da tsinke da ɓawon rake busasshe sun isa.

5. Ɗakin girki ya samu mafitar hayaƙi ta sama, ko da bulo biyu za a cire. In kina girki, ki sauke goyo ki ba wani ya riƙe a nesa. Mai hali ta nemi murhun zamani mai tsimin itace, ko ta sa a gina mata na laka mai kewaye wuta, ya fi duwatsu uku nesa ba kusa ba.

6. Amare, ku nake kira. Turaren wuta ado ne, ban hana ba, ni ma ina so. Amma a turara ɗaki taga a buɗe, a fitar da kasko, sannan a rufe. Ƙamshi zai zauna. Haka ɗakin mai jego: ana cika shi da wuta wai kada sanyi ya shige ta, alhali huhun ɗan kwana bakwai bai fi tafin hannunki ba.

IN ABU YA FARU

In kin shiga ɗaki kin tarar da mutane sun galabaita ga kasko a gefe, ki buɗe ƙofa da taga, ki nemi taimako a fitar da su waje nan take. Wanda ya suma a kwantar da shi ta gefe don kada amai ya shaƙe shi. Kada a ɗura masa madara ko manja ko ruwan rubutu yana sume, zai iya wucewa huhu. Kada a yi masa hayaƙi, hayaƙi ne ya kai shi haka. A yi addu'a ana tafiya asibiti, kuma a gaya wa ma'aikata gaskiya cewa da wuta aka kwana. Ko wanda ya farfaɗo ya ce ya warke, a kai shi a duba.

Yaro mai tari kuma, ki ɗaga rigarsa lokacin da yake kwance shiru, ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya da agogo. Ɗan ƙasa da wata 2, in ya kai 60. Ɗan wata 2 zuwa 11, in ya kai 50. Ɗan shekara 1 zuwa 5, in ya kai 40, to ba mura ba ce, a tafi asibiti a ranar. Haka in kin ga ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki in ya ja numfashi, ko ya ƙi kama nono. Kuma a tabbata an yi wa jarirai rigakafinsu na sati 6 da 10 da 14, akwai na nimoniya a ciki, kyauta ake yi a asibitocin gwamnati.

YADDA ZA KI GAYA WA KAKA

Saura ke ƙanwata ta Kabo. Na san abin da ke ranki: yaya 'yar aji biyar za ta cewa kakarta ta fitar da kaskon da ta saba da shi tun kafin a haifi babanki? In kika je mata da turancin makaranta, cewa za ta yi boko ya ɓata ki, ita ta shekara saba'in tana kwana da wuta ba ta mutu ba.

Kada ki yi musu da ita, don akwai gaskiya a maganarta. Ɗakunan da suka tashi a ciki na kara ne da ciyawa, ko na azara mai asabari a ƙofa, iska na shiga tana fita ta ko'ina. Namu na yanzu siminti ne da silin da ƙofar ƙarfe da tagar gilashi, in an rufe kamar an rufe gwangwani. Ɗaki ne ya canja, wutar tana nan yadda take.

Ki same ta da daddare cikin raha, ki shafa mata man kaɗanya a ƙafa, ki sa mata safa, ki kai mata jarkar ruwan ɗumi cikin shimfiɗa. Sannan ki tuna mata abin da malamai ke karantarwa, wanda ya zo a Bukhari da Muslim daga Abu Musa al-Ash'ari: wani gida ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina, da labari ya kai ga Manzon Allah (SAW) sai ya yi gargaɗi cewa wuta abokiyar gaba ce, ya kuma yi umarni a riƙa kashe ta in za a kwanta. Ban ga tsohuwar da za ta ji wannan ta ce a'a ba. In ta ƙi ji daga bakinki, ki bi ta wajen babanki ko malamar Islamiyyarku. Ƙaninki kuwa a kai shi a duba ƙirjinsa, kada a tsaya sayen maganin tari a kemis. Ki sake rubuto mini bayan sati biyu ki gaya mini ko ciwon kan safen nan ya tafi.

Goggona dai tun daga wannan dare ta kafa doka a gidanta: da an yi sallar isha'i, ita da kanta take bi ɗaki-ɗaki da butar ruwa. Yara har sun sa mata suna 'yar kwana-kwana. Ta ce su kira ta duk abin da suka ga dama, in dai da safe kowa zai amsa sallama.

Nan zan dasa aya. Wadda ta karanta ta karanta wa wadda ba ta iya ba, musamman iyayenmu na karkara. Maganar lefe tana nan tafe a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu, samari ku shirya. Ku ci gaba da aiko da wasiƙunku ta adireshin mujalla kamar kullum.

Allah Ya raba mu da sharrin wuta, ta duniya da ta lahira. Ku huta lafiya.

Taku har kullum,
'Yar mutan Getso.